Bel Ɗin Baba Surukina

Badariya

Ana sallame sallar asuba na tayar da mota a unguwarmu, Badariya. Surukina Baba Manu ya gama ganin likita a Birnin Kebbi, zan kai shi sunan jikansa a Argungu in dawo da shi. Matata Hauwa ta biyo mu har bakin ƙofa, ta ce mini a hankali amana ce ta ba ni.

Baba ya shiga gaba cikin babbar riga da ta sha sitati, har ƙara take yi. Na ɗaura bel ɗina da ƙarfi don ya gani. Ya gani sarai, sai ya kama ba ni labarin kifin da ya kama tun kafin a haife ni. Ni kuwa shekarun da na yi da 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in ce masa yi kaza.

Wajen Zauro

Gari ya waye, fadama shar da shinkafa. Da muka hango jami'an kiyaye haɗurra, sai Baba ya jawo bel ya riƙe a ƙirji da hannu ɗaya, irin yadda ake yi a motocin tasha. Jami'in ya gaishe shi, ya ce mu wuce. Ko rufe gilashi ban yi ba Baba ya sake shi yana dariya.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na gangara gefen titi na kashe mota, na zagayo ɓangarensa na durƙusa.

"Lahiya? Mi ya hwaru?" in ji shi.

"Baba, Hauwa ta ce ba ka taɓa barin 'ya'yanka su shiga kwalekwale babu goran iyo ba. Wannan bel shi ne goran motata. Ka yafe mini, ba zan tashi ba sai ka ɗaura."

Ya daɗe yana kallon ƙeyata. Ya ce igiyar za ta lalata masa guga, yaran zamani kuma ba su da ta ido. Amma na ji ƙarar maƙalawa.

Kusa da Argungu

Nan manoma kan shanya shinkafa a gefen kwalta, su jera duwatsu don kada mota ta taka. Wani mai babur da buhunan albasa ya kauce wa duwatsun, ya faɗo gabana. Na take birki iya ƙarfina. Hular Baba ta bugi gilashi ta faɗo, shi kuwa bel ya riƙe shi cak. Mai babur ya ɗaga hannu ya wuce. Baba ya kama salati.

Muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi a gidan suna. Mata na ta tsokanarsa wane ne ya zana masa layi a riga. Ya ce su bar shi.

Komowa

Bayan la'asar muka juyo. Kafin in sa makulli har ya ɗaura, ya kuma duba nawa. Mun iso Badariya kafin magariba, alhamdu lillahi. Hauwa ta ga rigar ta ce ya kawo ta goge.

"Bar ta haka, ɗiyata," in ji Baba. "Ba don layin ga ba, da wani labari kunka ji yau."