Ramata Mai Ɗinki da Rigar da Ta Fita Daban

Ramata ba ta iya ɓoye ƙyama ba, kuma ba ta taɓa gwadawa ba. In mace ta shigo zaurenta sanye da rigar da ba ta dace da ita ba, kafin a gama gaisuwa leɓenta na sama ya ɗage, hancinta ya tattare, kamar wadda ta buɗe tukunyar miyar da ta kwana biyu. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Mijinta Hamidu ya bar ta da halinta tun shekarar farko ta aure. Matan Sabon Gari na Agadas kuwa su zage ta a bayan ido, gari ya waye su kai mata yadi, don wadda Ramata ta yi wa ɗinki, a wurin biki sai an tambaye ta ko ramewa ta yi.

Ubanta mutumin Madawa ne, fatauci ya kawo shi Agadas, ya ga wurin zama ya zauna. Ramata ta yi makarantar lekol kaɗan ta bari, ta koyi keken ɗinki wurin wata tsohuwa a kartiyensu, wato unguwarsu. Da aka yi mata aure ta bi Hamidu Cirozerin, inda yake aiki a tashar wutar lantarki, ta kafa kekenta a tsakar gida. A can ta san jikin mace. Matan da ta yi wa kayan amarci su ta yi wa na suna, su kuma ta yi wa na aurar da ƴaƴa. A gabanta ƙugu ya cike, damtse ya yi kauri, ƙirji ya sauko, wuya ya gajarta. Jiki ya sauya, amma mai jikin tana nan tana neman ɗinkin da ta sa tana budurwa. Wannan abu ya tsaya wa Ramata a rai har ta tsufa.

Da Hamidu ya bar aiki suka dawo Agadas, ta mai da zauren gidan wurin ɗinki. Al'adar mata ita ce a aika wa tela yadi tare da tsohuwar riga, ya auna da ita. Ramata ba ta karɓa. Ta ɗaga rigar da yatsu biyu, ta dube ta, ta mayar.

"Wannan ta shekarar da ta haifi auta ce. A ce mata ta zo da jikinta na bana."

In matar ta zo, sai ta sa ta tsaya, ta taka zuwa ƙofa ta dawo, ta zauna a kujerar tsugunne ta tashi. Sannan ta fara magana, ba wanda ya tambaye ta.

"Ke gajera ce, manyan furannin nan za su haɗiye ki. Fure ɗaya zai zauna miki a baya kamar faranti. Riga kuma ba ta tsayawa inda mace ta fi faɗi, ko ta tsaya sama ko ta wuce ƙasa. Surfanin nan da kike so a kan tumbi, me tumbin ya yi da za a yi masa ado? A sauko da shi siriri daga wuya, ido ya bi shi ƙasa. Ɗankwalinki ma ki rage, kanki ya fi kafaɗunki faɗi."

Wasu su fita suna huci. Yawancinsu suna dawowa.

Abin da Ramata ta fi tsana a duniya shi ne iniform. Matan kartiyen suna da foyandi, ƙungiyarsu ta zumunci, suna haɗuwa wata-wata a gidan ɗaya daga cikinsu. Su ke girki in an yi biki, su ke zaman makoki in an yi rashi, su ke duba wadda ta kwanta. In ɗaya za ta aurar da ƴa, duk a yanki yadi iri ɗaya, a yi ɗinki iri ɗaya, don kada a gane matar mai mota da matar mai amalanke. Ramata ta yarda da yadin. Ɗinkin ne take cewa zalunci, tunda Allah bai yi su iri ɗaya ba.

Ana haka Hajiya Sakina, shugabar foyandin, ta tashi aurar da ƴarta. Ta zo zauren da kanta, ta miƙa wa Ramata telefon. Foton wata yarinya ce doguwa, siririya, cikin riga matsattsiya mai tsayawa a ƙugu, da tattara hawa-hawa kewaye da ƙugun, hannun ya kumbura kamar an hura masa iska.

"Hajiya, yarinyar nan ba ta taɓa haihuwa ba. A cikinmu wa ke da ƙugun nan?"

"Shi ake yayi a Yamai."

"To su sa a Yamai. Mu duk mun ba hamsin baya."

"Ramata, ɗinki na kawo miki, ban zo shawara ba. In ba ki iya, akwai teloli a kasuwa."

Ramata ta karɓi aikin. Ta yi ta ɗinkawa ɗaya bayan ɗaya, tana tsaki a kan kowace tattara, har Hamidu ya kwashe tabarmarsa da kayan shayinsa ya koma ƙofar maƙwabci. Yadin ƙarshe da ya rage na Habsa ne.

Habsa aminiyarta ce tun suna ƴan mata. Gajeriyar mace ce mai jiki, mai sanyin hali, wadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Mijinta, mai kawo albasa daga Dabaga, ya rasu a shekarar. Ɗanta ɗaya yana Arlit, ba ta da dangi a garin. Ƴan foyandi ne suka yi mata girkin makoki, su suka yi ta leƙa ta har ta gama takaba. Bikin nan shi ne fitarta ta farko cikin mutane.

Ramata ta shimfiɗa yadin, ta ɗauki almakashi, ta tuna ƙugun Habsa da tattara hawa-hawa a kansa. Matar da ta yi wata da watanni a ɗaka, a fito da ita a haka? Ta yanka yadda ranta ya ba ta. Ta saki rigar ta wuce ƙugu har kusa da gwiwa, ta tsaga ta kaɗan a gefe, ta buɗe wuyan ya yi tsini ƙasa, ta sa hannun ya sauko sumul ya wuce gwiwar hannu. Tattara ko ɗaya babu. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma kamar kowane tela, sai da safen biki ta kai.

Habsa ta warware rigar, ta juya ta gaba da baya.

"Ƙawata, ina tattarar?"

"Na manta."

"Ƙarya kike."

"To ƙarya nake. Sa ki gani."

Habsa ta sa, ta tsaya gaban madubi. Ta shafa gefen rigar.

"Hajiya ba za ta ji daɗi ba."

"Hajiya na da aikin yi yau, ba ke za ta tsaya kallo ba."

Lokaci ya ƙure, babu wata rigar. Haka Habsa ta fita.

Ramata ta zauna a gefen rumfar biki cikin tata tattarar, tana kallon aikin hannunta yana wucewa, tana jin kamar ta tofar da yawu. Mata masu jikoki, masu mutunci, kowace ta zama buhun albasa da aka ɗaure a tsakiya. Wadda ta zauna, tattarar ta hau mata har ƙirji. Wadda ta sunkuya zuba abinci, riga ta ɗage a baya. Hajiya Sakina kanta numfashi take da ƙyar, gumi ya jiƙe mata hamata.

Sai Habsa ta shigo, yadi ɗaya da kowa, amma kamar an ƙara mata tsawo. Dangin ango, waɗanda suka zo daga Timiya ba su san kowa ba, suka tashi suka nufe ta. Suka durƙusa suna yi mata barka, suna kiranta uwar amarya, wata tsohuwarsu ta ja ta ta zaunar a kujerar da aka tanada wa Hajiya. Habsa tana cewa ba ita ba ce, kiɗa ya hana a ji. Hajiya Sakina tana tsaye a bayansu da kwanon turare a hannu, tana kallo.

Ba wanda ya yi faɗa. Matan nan ba sa faɗa. Wata ya kama, aka yi taron foyandi, ba a aika wa Habsa ba. Da layin karɓar baƙi ya zo kanta, aka tsallake zuwa gidan gaba. A kasuwa a amsa gaisuwarta a taƙaice, a juya ga mai tumatir. Maganar da ke yawo ita ce tun kabarin mijinta bai bushe ba ta fara neman a gan ta, ta fi ƙarfin sa abin da ƴan uwanta suka sa.

Ramata ta ji, ta yi tsaki, ta ce hassada ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Da damina ta sauka zazzaɓi ya kayar da Habsa. Ramata ta je ta tarar da ita ita kaɗai, randa babu ruwa, murhu ya yi sanyi, kaji sun ɓata tsakar gida.

"Ba wadda ta zo?"

"Ke kin zo."

"Marasa kunya. A kan riga?"

Habsa ta juyo a hankali ta dube ta.

"Ramata, ke riga kika gani. Ni ba ni da miji, ba ni da dangi, su nake da. In na mutu rigar ce za ta yi mini wanka? Ita za ta dafa wa masu gaisuwa? Na yarda in yi muni tare da su. Ba ki tambaye ni ba."

Ramata ta tashi. Ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gidan, ta hura wuta. Rigar tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ta dube ta, har yanzu ɗinkin ya yi, wannan kuma ya ƙara ɓata mata rai.

Ranar taron da ya biyo baya ta rufe zaure da la'asar ta nufi gidan Hajiya Sakina. Ta tarar da su zaune a tabarmi, ana zuba fura. Hira ta tsaya. Ba ta zauna ba.

"Hajiya, Habsa ba ta san da rigar nan ba sai da safen biki. Ni na yanka, ni na ɗinka, ban shawarce ta ba."

"Ai ta sa," in ji wata daga baya.

"Me za ta sa, Fatuma? Zanen wanka?"

Hajiya ta ajiye ludayi. "To haƙuri kika zo ba mu?"

"A'a. Ɗinkin da kika zaɓa mummuna ne, kuma duk kun ga foto, kun sani. Ke kanki ba ki sake sa shi ba."

Wata ta ƙunshe dariya da bakin mayafi. Fuskar Hajiya ta haɗe.

"To me ya kawo ki?"

Ramata ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta san awon kowace, ta san wadda ke ɓoye tumbi da wadda ke ƙara tsumma a ƙirji. Leɓenta ya fara ɗagewa, ta danne shi da haƙori.

"Habsa na kwance da zazzaɓi, ko mai miƙa mata ruwa babu. In dole sai wata ta fita daga foyandin nan, ku fitar da ni, ɗinkinku ma ku kai kasuwa. Amma ku je ku duba ta yau, kafin magariba. Ku tafi mata da kunu, ba ta iya cin tuwo."