Sawun Keken Sallau a Kufan Bamanga

Ranar Talata, tara ga watan Agusta na 1977, saura mako guda a kama azumi, Allah Ya karɓi ran Sallau Mai Keke a gidansa da ke Kumbiya-Kumbiya. Lahadi ya dawo daga daji da zazzaɓi, Litinin ya lallaɓa ya kai kekensa gyara, Talata da la'asar muka kai shi makwanci. Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, Sallau ya riga mu ne kawai. Ni Rabe, abokin tafiyarsa, ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini magana, kada a rage.

Sallau, shekarar da aka sauke tutar Turawa muka sayi kekunanmu, na hannu, duk sun sha jiki. Gishiri da kananzir da ashana muke ɗaurawa, mu fita ta unguwar Malam Inna, lokacin duk gonaki ne, mu nausa ƙauyukan bayan tsaunuka. Hanyar ba ta fi faɗin tafin ƙafa biyu ba. Ka hau tudu kana nishi, ka gangara kwari iska na cika maka riga, ka faɗa yashin rafi ka sauka ka tura, can kuma wani tudun na jiranka. Da damina dawa kan rufe mu har sai dai mu riƙa jin ƙararrawar juna. Kai ka koya mini taka taya da diddige idan birki ya tsinke a gangara. Kai ne kuma ka ɗaure wani manomi da maciji ya sara a bayanka da rawaninka, ka tuƙo shi har asibiti, ka ƙi tsayawa a yi maka godiya wai kananzir ɗinka na rana.

Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa aka shimfiɗa kwalta, ƙauyuka suka tashi suka koma bakin titi, samari suka sayi babura, ciyawa ta haɗiye hanyoyinmu. Ni gwiwa ta zaunar da ni. Kai ka bar sauran hanyoyin, ka riƙe guda ɗaya, ta Kufan Bamanga, saboda Iya Saudatu.

Wanda bai san ta ba, tsohuwa ce makauniya. Shekarar sanƙarau ta binne mijinta da 'ya'yanta duka a gindin tudun garin. Da mutane suka tashi ta ce ita ba ta barin su, aka yi lallashi aka gaji aka tafi. Ba dangin iya ba na baba tsakaninku, amma kowace Lahadi kana kai mata tsaba da gishiri da kuka. Kai ka ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗaki zuwa rijiya, da wata zuwa turken awakinta.

Kana da ƙa'ida biyu a hanyar nan, na gani da idona. Idan ka hau kan tudun sai ka kaɗa ƙararrawa, don tsohuwa ta san kai ne, ta ɗora ruwan zafi. Idan ka gangaro bakin kaburbura, inda hanya ta ratsa ta tsakiyarsu, sai ka sauka, ka yi sallama, ka saɓa keken da kayansa a kafaɗa, ka taka a hankali har ka wuce. Na taɓa ce maka wahalar ta yi yawa, ka ce, "Rabe, uwarsu na ji. Kunnenta ya fi idonka."

Bayan sadakar uku, ɗanka Iro ya yi abin kirki, ya kuma yi kuskure. Ya ɗaura buhu a babur ya tafi. Ba wanda ya gaya masa ƙa'idar, sai ya gangaro da gudu ya keta ta kan kaburburan da ƙara da hayaƙi. Iya ta shige ɗaki ta tokare ƙofa. Ya yi sallama, ya faɗa mata rasuwarka, ta ce daga ciki, "Wanda ya taka mini 'ya'ya ba na cin abincinsa." Ya ajiye buhun ya dawo ransa a ɓace, ya ce mini, "Baba, na yi iyakar yina, ba zan koma ba."

Litinin ta biyu bayan rasuwarka, muna cikin azumi, na ari jaki na tafi. Ranar Asabar an yi ruwan da ya wanke hanya tas, ko sawun babur ɗin Iro bai bari ba. Sai ga shi tun daga rafin farko ina ganin sawun keke, sabo, ya nutse a laka kamar na mai ɗauke da kaya. Na sauka na duba. Tayarka ta baya tana da faci da Donatus mai gyaran keke ya ɗinka mata da guntun wata taya, duk juyi ɗaya takan bar alama kamar sawun kaza. Shekaru ina bin alamar nan a bayanka, ba zan manta ta ba. Ita ce.

Na bi ta, ta hau tudu ta sauka kwari, ba ta kauce ba. Rana na tsaka, daji ya yi tsit, ko kurciya ba ta kuka. Jakin ya riƙa tirjewa. A bakin kaburbura sawun ya tsaya cak, daidai inda kake sauka. Da can, daga nan sai a ga sawun ƙafarka ya ɗora, mai zurfi saboda nauyin keke. Na duba gaba, na duba gefe. Laka sumul, ba ƙafa ko ɗaya, kuma sawun bai juya baya ba.

Na ɗaure jakin a nan, na yi sallama, na taka a ƙasa. Buhun Iro na ƙofar ɗaki yadda ya bar shi, ruwa ya jiƙa shi, tsabar ta yi fumfuna. Iya na zaune riƙe da igiyar rijiya, ta rame ta koma kamar kara. Nonon akuya kawai take sha. Ta ji takuna ta ce, "Rabe ne? Gwiwar ta bar ka?"

Na ce, "Ni ne, Iya. Sallau fa ya rasu, gaskiya yaron ya faɗa miki."

Ta ce, "Na ji. Amma jiya da hantsi ya kaɗa ƙararrawa a kan tudu. Na ɗora ruwa, ya tafasa ya huce, bai ƙaraso ba."

Ɗan garin da na riƙo na dama mata, ta karɓa daga hannuna, saboda ta ji yadda na sauka na wuce 'ya'yanta a ƙasa. Ba zai kai ta mako biyu ba, ni kuwa gwiwata ba za ta sake yin tafiyar nan da kaya ba.

Da na dawo na je rumfar Donatus. Kekenka na rataye a ciki da sarƙa. Ya ce, "Baba Rabe, tun ranar da ya kawo shi bai motsa ba. Lahadi ma ina coci, mabuɗi na aljihuna." Ya miƙa hannu ya shafa tayar baya, ya dubi yatsansa, ga laka, ya goge a wando. Ya kwance sarƙar ya ce in tafi da shi, ba ya son ya sake kwana a rumfarsa.

Malamai sun ce mamaci ba ya dawowa, na yarda, ban ja da su ba. An ce in cire wannan daga ta'aziyya, na ƙi. Abin da na gani na faɗa.

Allah Ya jiƙanka, Sallau, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka Ya yalwata shi. Yadda ka ɗauke nauyi daga kan matattu, Allah Ya ɗauke maka nauyin hisabi, Ya sa ka huta, hutu na gaske. Kande, uwar 'ya'yansa, Allah Ya ba ki haƙuri, da ke da yara da dukan mutanen Kumbiya-Kumbiya.

Iro, keken na zaurena, na zuba masa mai. Lahadi zan hau jaki in raka ka, in nuna maka inda ake kaɗa ƙararrawa da inda ake sauka. Idan ka hau tudun ka ji wata ƙararrawa ta riga taka, kada ka waiwaya. Ka yi sallama, ka saɓa keken ka ƙarasa. Ruwan Iya na kan wuta.