Ranar da Muka Danne Yaya Cikin Gwado

Yayana ya dawo daga aikin tilas da tari. Wata biyu Nasara suka riƙe shi yana fasa marmara a hanyar Magarya, suka sako shi ana gab da cirar gyaɗa. Majina ta daskare masa a ƙirji. Sai ya yi ta tari har ya durƙusa, abin da zai fito bai cika cokali ba.

A lokacin nan aurena ya mutu, ina zaune gidanmu a Dogo-Dogo, don haka ni na ɗora shi bisa jaki zuwa gidan likita a Magarya. Likitan baƙar fata ne, mutumin Dahome, Hausarsa a karye. Ya saurari ƙirjin Yaya, ya ce magani ya ƙare musu, amma akwai abin da zan iya yi masa a gida.

“Ki tafasa ruwa, ki sa gishiri abin da yatsu uku suka ɗauka,” in ji shi. “Ki sauke, ki bari ya ɗan huce. Ya lulluɓa ya yi sirace kaɗan, majinar za ta saki. In ya ce ƙirjinsa ya ɗaure, ki yaye nan take.”

Sai da ya sa na maimaita masa.

Kwana uku muna yi safe da yamma. Majinar ta fara saki, Yaya ya sha kunu, kunun ya zauna a cikinsa. Amma Baba bai ga haka ba. Shi dai gyaɗa ta nuna, ga ƙato kwance a ɗaki. Kullum in ya dawo gona sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce, “Ka yi wa Nasara wata biyu, ni ubanka ka zo ka kwanta mini.”

Rana ta huɗu bayan azahar ya tarar da ni ina ɗibar gishiri da yatsu. Ya ture hannuna, ya ɗauko dunƙulen manda, gishirin da muke ba dabbobi, ya jefa duka a tukunya. Ruwan yana ɓararraka ya sauke shi tsakanin ƙafafun Yaya, ya rufe shi da gwado mai kauri, ya danne gefe ɗaya da gwiwa.

“Riƙe can,” ya ce mini.

“Baba, likita ya ce in ƙirjinsa ya ɗaure a yaye.”

“Likitan ne ya haife shi?”

Na riƙe. Ba a jima ba na ji muryar Yaya daga ciki, siririya. “Baba, numfashina.” Baba ya ce ciwon ne ke fita. Yaya ya kira ni, ya sake kira. Ina jin kafaɗarsa tana bugun hannuna, ina kallon fuskar Baba, ban saki ba. Sai ya yunƙura da dukan ƙarfinsa, tukunyar ta kife masa a cinyoyi. Ban saki gwadon ba sai da ruwan ya gangaro ya taɓa ƙafata.

Da Inna ta zo cire masa wando, fatar ta biyo shi. Baba ya tsaya yana kallo, ya ce, “To, yanzu ka sami dalilin kwanciya.” Ya ɗauki fartanya ya koma gona.

Maƙwabta da suka zo dubiya, Baba ya gaya musu maganin Nasara ne, kuma ni na je na ɗauko shi. Ban musa ba. Har aka gama kaka, mata na matsawa in na zo rijiya. Wata tsohuwa ta ce da ma wadda ta kasa zaman aure me za ta kawo gida. Gyaɗar kuwa ni da Baba muka cire ta, muna bin kunyar gona ɗaya.

Yaya ya yi wata huɗu kwance. Ni nake wanke masa miki, yana kallon bango. Da ya tashi, ƙafar hagu ta ƙanƙance ba ta miƙewa. Wata ranar kasuwa ya bi fatake ya ƙetare iyaka zuwa Babura, bai yi sallama da kowa ba. Can ya koyi dukanci.

Bayan Baba ya rasu na je na sami Yaya a rumfarsa yana ɗinka takalmi, har lokacin yana tari. Ya ba ni tabarma, ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi Inna. Na gaya masa rasuwar, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ci gaba da ɗinki. Na ce, “Yaya, ka yafe masa.”

“Shi ai na san halinsa tun ina ƙarami,” ya ce. “Ke ce na ɗauka za ki saki.”

Na kwana biyu gidansa, matarsa ta yi mini kirki. Da zan tafi ya ba ni takalmi in kai wa Inna, ya sa matarsa ta raka ni bakin gari.