Wutsiyar Layin Anti

Sunanta na yanka ya ɓace a bakin yara tun tuni. Anti Layi kowa yake ce mata, har mijinta idan yana neman tsokana. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, da usur a rataye a wuya, ajinta kuwa ɗaki ne mai ƙananan kujeru da warin alli da ɓawon lemo. Abu ɗaya ta ɗauka addini a aikinta: layi. Shan ruwa layi, wanke hannu layi, har kuka wani lokaci sai mutum ya jira na gabansa ya gama. Wanda ya tsallake, ajin duka zai ɗauka da waƙa: "Wutsiya! Wutsiya!" har sai ya koma can ƙarshe.

Da tsohuwar da ta kafa makarantar ta gaji, ɗanta ya karɓa. Mai makaranta sabo, takalmi na ƙyalli. Ya kira Anti ofis.

"Anti, iyaye Turanci suke biya, ba tsayuwa ba. Gobe zan shigo ajinki. In ban ga abin kirki ba, akwai wata yarinya mai kwamfuta tana jira."

"Allah ya kai mu, ranka ya daɗe," in ji ta. Ranar ko usur ɗin bai yi zaƙi ba.

Washegari ya zo, ya dafa allo, alli ya ɓata masa hannu. Lokacin tara ne, yara sun jeru a bakin famfo kamar 'yan tsaki. Ya ratsa su, ya murɗa famfon zai wanke hannu. Anti ta runtse ido.

"Wutsiya!" Wata siririyar murya ce. Autarsa ce, mai wawulo, ta riƙe ƙugu. "Baba, ka tsallake. Wutsiya!"

Aji ya ɗauka, har da tafi.

"Ke, ni ne fa mai famfon."

"Ko mai famfo ne. Anti ta ce famfo bai san babba ba."

Ya dubi Anti, ita kuwa ta sami wani abin kallo a rufin kwano. Ya ja takalminsa mai ƙyalli ya koma bayan wani yaro mai majina, wanda ya waigo ya ce, "Kar ka tura ni." Haka ya tsaya cikin rana, yana kallon yadda babu mai ture wani, yadda wata ta ɗaga ƙaramin da bai kai famfo ba.

Da aka tashi ya same ta tana share aji.

"To a gida ma haka muke fama. Jiya sai da na bi layin banɗaki a gidana." Ya ɗaga ƙafa, tsintsiya ta wuce. "Aikinki yana nan. Sai dai sharaɗi ɗaya."

"Wane ne, ranka ya daɗe?"

"Ki sake tashar da kike hawa bas da safe. Ta nan muke wucewa da Auta. Shekaranjiya sai da na rufe mata ido da hannu, lokacin da kika sa gwiwar hannu kika watsar da mutane kika shige."

Anti ta gyara usur ɗinta.

"Ai waɗancan ba su yi ajina ba," in ji ta.