Hajara da Dutsen da Aka Ce Zai Faɗo

A watan Maris na shekarar 1998, wata ranar Alhamis da hantsi, Malam Sabi'u mai koya mana Turanci ya shigo ajinmu na shida da ƙaramar rediyonsa a aljihun riga. Zafin bazara ya riga ya sauka a garin Dutse, kwanon rufin ajin yana ta ƙas-ƙas, mu kuma muna zaune a ƙasa muna fifita da bangon littafi. Ko amsa gaisuwarmu bai tsaya yi ba, ya ɗauki alli ya rubuta "asteroid" a allo da manyan baƙaƙe. Ya ce wani ƙaton dutse ne da yake yawo a sararin samaniya, kuma da safen nan ya ji a rediyo masana taurari sun hango wani da zai iya faɗo wa duniya a shekarar 2028. Malam mutum ne mai son ya kawo mana abin da ake ciki a duniya cikin darasi, ina jin murna ma yake yi ya samu sababbin kalmomi. Mu kuwa muka zuba wa allon ido.

Ya ci gaba da rubutu muna maimaitawa da ƙarfi. "Orbit", hanyar da dutsen yake bi yana kewaya rana. "Impact", karon da zai yi da ƙasa. "Crater", ramin da zai bari. A bakinmu suka koma astaroyid, obit, imfak da kireta. Ta taga muna hango duwatsun garinmu, wani bisa wani, manya kamar ɗakuna, waɗanda muka tashi muna hawa muna tsinko kanya a gindinsu. Wani yaro ya tambaya ko zai kai waɗancan girma, Malam ya ce ko an haɗa su duka ba lallai su kai shi ba.

Hajara ce a gefena, 'yar maƙwabtanmu a Yalwawa, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Ta fi kowa lissafi a ajin, kuma kafin Malam ya gama magana ta riga ta zana da yatsa a ƙasa ta goge. Ta raɗa mini cewa lokacin mun ɗan haura arba'in, muna da 'ya'ya, ƙila har da jikoki. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ba a iya tare shi?" Ya yi murmushi ya rubuta "deflect". Ya ce ma'anarta a kautar da abu daga hanyarsa, kuma masana suna tunanin harba masa roka tun yana nesa don ya kauce. Ta ce, "An taɓa gwadawa?" Ya ce, "A'a, tukuna."

Tun daga ranar Hajara ta canja. Babbar salla ta gabato, aikin gida ya yi yawa: ɗiban ruwa a famfon bakin layi, surfen gero, jiƙa wa rago dusa da kanwa, da kai masa harawa a turke. Tare muke yin komai, mu gama na gidansu mu dawo namu. Da can ita ce mai ba da waƙa a wajen gaɗa, amma yanzu sai mu taho da bokiti a ka in ga ta tsaya cak tana leƙen sama har ruwa ya zubo mata a wuya. Idan muka zauna carafke a inuwar darbejiya, sai ta riƙe tsakuwoyin a hannu tana maimaita kalmomin nan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tilawa. Ta haddace rubutunsu tsaf. Ni da na fi ta surutu, tsoron nawa bai wuce kwana biyu ba, na koma tunanin atamfar salla.

Mahaifinta malamin makarantar allo ne, a soron gidansu muke karatun yamma. Ta gaya masa labarin yana feƙe alƙalami, ya saurare ta har ta gama. Ya ce, "Ba abin da zai faɗo daga sama sai da izinin Mai sama. Wanke allonki." Cikin taushi ya faɗa, har da dafa kanta. Ta wanke allon, amma da muka fito ta ce da ni, "Na sani, Binta. To idan ya ba da izinin fa?"

Wata safiya na leƙa gidansu mu tafi makaranta, Inna, mahaifiyarta, ta ce kanta ke ciwo. Kashegari aka ce zazzaɓi ya rufe ta, ba ta son haske, wuyanta ya ƙage. Manya suka fara ambaton sanƙarau ƙasa-ƙasa, domin ba a daɗe da yin mummunar shekararsa ba, kowane layi yana da wanda ya rasa. Mahaifiyata ta hana ni shiga gidan.

A ranar ne kuma Malam Sabi'u ya shigo aji da wata jarida da ta sha hannu, wadda wani abokinsa ya kawo masa daga Kano. Ya ce ashe tun kashegarin labarin farko masanan suka sake lissafi, suka gano dutsen zai wuce can nesa da duniya, shi ne bai ji gyaran ba. Aka yi ta ihu ana buga allo. Ya duba wurin zamanmu ya ce, "Ina mai tambayar nan?" Na ce ba ta da lafiya. Ya ce, "Ki gaya mata, ki ce ni na ce."

Da aka tashi, a guje na taho cikin rana, takalmi a hannu. Na tarar da maza a ƙofar gidansu suna jiran motar da za ta kai ta asibiti. Na sulale ta gefensu na shiga. Inna ta tare ni a tsakar gida, da ta ga yadda nake haki sai ta ce, "Tsaya daga nan, kada ki ɗaga asabarin." Ɗakin duhu ne, an toshe taga da zane. Ta tsakanin karan asabari na hango ta kwance a tabarma, kanta ya lanƙwashe baya, leɓunanta sun bushe. Na ce, "Hajara, Malam ya ce ba zai faɗo ba. Sun sake lissafi, wucewa zai yi." Na maimaita da ƙarfi. Yatsun hannunta suka motsa a kan tabarmar, sai aka yi sallama cewa mota ta iso. Kashegari bayan azahar aka dawo da ita a rufe. Ragon da muka yi ta jiƙa wa dusa tare, mahaifinta ya yanka shi ranar salla, gidan shiru ba mai kai-kawo.

Yanzu na kusa kai shekarun da ta lissafa mana, furfura ta fara leƙowa a goshina. Filin gaɗarmu ya zama shaguna, babura masu ƙafa uku suna ta kaiwa da kawowa a wurin. Kwanaki ɗana ya nuna mini a waya yadda aka harba wata na'ura ta daki irin wannan dutse a sama har ya sauya hanya. Ya kalla ya ce abin burgewa, ya wuce zuwa bidiyon ƙwallo. Inna tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, idan na je gaishe ta takan riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Sau da yawa na so in tambaye ta ko Hajara ta ce wani abu a mota, sai in ga idanunta in fasa. Har yau ban san ko ta ji ni ba.