Lawali da rigunan da Inna ta ɗinka wa kwamfutocina

Lawali ya rasu.

Da safen nan ƙanensa ya kira ni daga Jiratawa, ina tsaye da tsintsiya a ƙofar shago. Na ce masa wane Lawali, kamar ina da wani. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Ku yi haƙuri in rubutun ya zo a hargitse.

Duk mai zuwa buga wasa a shagona na Tsibiri ya san shi, dogon nan mai gyaran kwamfuta da ke zuwa daga Maraɗi a kan tsohon babur. Ya san ni da saurin fushi, shi ya sa ba ya shigowa sai ya tsokane ni.

Abu ɗaya ke ta dawo mini tun ɗazu.

Lokacin da na ce zan buɗe gidan wasan kwamfuta a shagon ƙofar gidanmu, Inna ba ta so ba. Ta ce tara ƴaƴan mutane suna danne-danne ba sana'a ba ce. Da ƙyar ta bar ni, kuma ta daɗe ko leƙawa ba ta yi ba. Sai wata rana ta shigo da ƙunshi. Riguna ne ta ɗinka wa kwamfutocin, kowace da tata, yadi mai kauri da shafi a ciki da leshi a baki, irin wanda iyayenmu mata ke rufe talabijin da shi don ƙura. Da hannunta ta saka musu. Nan na gane albarka ce ta sa wa sana'ar. Na yi farin cikin da ban taɓa yi ba.

Bazara na shigowa, abubuwa suka rikice. Ana tsakiyar ƙwallo sai hoto ya tsaya cak. A kunna wasa, sai an gaji da jira kafin ya buɗe. Samari suka fara hawa kabu-kabu suna tafiya Maraɗi su yi wasansu can. Na zagi kuran, wato wutar lantarki, na zagi wanda ya sayar mini da kayan, sannan na kira Lawali.

Yana zuwa ya ɗaga rigar ɗaya, ya ɗora bayan hannunsa a jikinta kamar uwa na duba ɗanta.

"Salisu, wagga zazzaɓi take."

Ya buɗe wani abu a allon da ke nuna zafin kayan ciki, ya nuna mini SSD, ɗan faifan nan da wasanni ke zaune a kai, wanda bai fi yatsa tsawo ba. Zafinsa ya kusa digiri tamanin.

"Ka gani? Ɗan abin ga tsakanin talatin da hamsin yake jin daɗi. In ya wuce saba'in, da kanshi yake rage gudu don kar shi ƙone. In anka matsa mishi, wata rana ya tahi da duk abin da ke kanshi. Kai kuma ka lulluɓe shi da bargo cikin bazara. Wane mahaukaci ne ya yi wanga ɗinki?"

Na ce, "Inna ce."

Ya kama baki. Ya sake duban rigar. "Kai, amma ɗinki ya yi kyau."

Ban yi dariya ba. Na faɗa masa gaskiya, in na cire rigunan nan, Inna za ta ɗauka na mayar mata da albarkarta, kuma ba za ta ƙara taka shagon ba. In na bar su, shagon ya mutu. Ya ce in bar shi da ita.

Can sai ga ta da kwanon fura. Lawali ya durƙusa ya gaishe ta, ya sha furar, ya yabi furar, sannan ya kama leshin rigar yana jujjuyawa.

"Inna, wa ke zuwa gona da kayan Sallah? Waɗanga sun hi ƙarhin aiki. Wanga sakaran ɗan naki zai sa samari su ɓata miki su da hannun maiƙo. A riƙa saka musu in an tashi aiki. Na rana kuwa, ki taimaka ki ɗinka mana na gidan sauro, marasa nauyi, a bar bayan a buɗe."

Inna ta dube ni ta ce, "Ka ji mai hankali."

Ni ne na zama sakarai, shi ya zama mai hankali, a cikin shagona.

Ta ɗinka na gidan sauron. Shi kuma ya matsar da faifan daga ƙarƙashin katin da ke fitar da hoto a allo, inda zafi ke taruwa, ya manna wa kowane ɗan ƙarfe mai tsotse zafi, ya ƙara fanka. Wasa ya koma gudu, samari suka dawo. Har yau da yamma Inna ce ke shigowa ta saka musu manyan rigunan da kanta.

Tun daga nan bai taɓa zuwa hannu biyu ba. Zogale ne, tattasai ne, albasa ce daga garkar babansa, a kai wa Inna. Ni ko ganye ɗaya ba nawa. Kowace bazara kuma sai dai in ji ƙarar baburinsa ba tare da na kira ba, wai ya zo duba majinyatansa.

Makon jiya ne ganina da shi na ƙarshe. Ya zo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu. Da muka yi musabaha na ji tafinsa da zafi. Na ce, "Kai ma hwa ka wuce saba'in, ka je asibiti." Ya yi dariya ya ce, "Bari in gama da na mutane tukuna." Ashe ya kwanta bayan nan, kuma ya hana a faɗa mini don kar in rufe shago in taho. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ɗazu na shiga na faɗa wa Inna. Ta yi salati. Sannan ta ce:

"Ranar nan ina bayan ƙofa da furar. Na ji sa'ad da ya ce wane mahaukaci. Na san ɗinkina ne ya so kashe maka sana'a. Yaron ga ya ƙi kunyata ni gaban ɗana, ni ma sai na yi kamar ban ji ba."

Nan ne kukan da nake riƙewa tun safe ya ƙwace mini.

Ya Allah, Lawali ya rufa wa uwata asiri, Ka rufa masa nasa. Ka sanyaya masa makwanci, Ka yafe masa kurakuransa, Ka ba iyayensa da matarsa haƙuri.

Yanzu za mu kama hanyar Jiratawa, ni da Inna, ta ce ba za a bar ta a gida ba. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.