Malam Kibiya

Shekara ashirin da shida yana shirya ɗalibai don jarrabawar shiga manyan makarantu, a wani ɗaki da ke saman shagon tela, har aka manta sunansa na yanka. Malam Kibiya ake ce masa, don wakilin suna ba ya wuce shi a jimla sai ya zagaye shi da jan biro, ya ja kibiya zuwa ga wanda ake nufi.

"Direba ya gaya wa makanike motarsa ta lalace," in ji shi, yana buga allo. "Motar wa? In kibiyarka ta rasa masauki, jimlar ce ba lafiya. Kada ka amsa sai ka ja!"

Ɗalibai suna kwaikwayonsa a bayan ido, suna kuma cin jarrabawa. Wasunsu yanzu daga cikin mota suke ɗaga masa hannu.

Autarsa ce ta riƙi maganar hannu bibbiyu. Makarantar koyon aikin jinya take so. Sau biyu ciwon mahaifiyarta ya hana ta zama jarrabawar, kuma bana ce damarta ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce ƙa'ida.

Sai aka mayar da jarrabawar kan kwamfuta. Ba takarda, ba biro, ga agogo yana gudu a gefe. Abokan aiki suka ce ya koya mata sauri. Malam ya ce, "Jimla jimla ce, ko a bango aka rubuta ta." Taurin kai ne irin na wanda dabararsa ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ranar jarrabawa ta dawo da la'asar, ta zauna a bencin baya.

"Yaya, Auta?"

"Baba, na ja duka. Da yatsa na riƙa ja a gilashin, har mai tsaron aji ya yi mini magana."

"Nawa kika amsa?"

"Sha bakwai."

"Cikin nawa?"

"Sittin."

Yanzu a ƙasa take, wurin tela, tana ɗinka maɓalli. Ɗalibai sun koma inda ake da kwamfuta, benci biyu kawai ke cika. Da ta zarge shi da ya samu sauƙi, amma kullum sai ta hawo ta goge masa allo. Ranar da sakamako ya fito ma, ita ce ta riƙa lallashinsa.

"Baba, duba mana," ta ce, tana miƙa masa takardar. "Duk inda na ja kibiya, ban kuskure ko ɗaya ba."